Suna na Goma Sha Bakwai

Ranar Asabar, bayan la'asar,
a ajin 'yan firamare, nan Gwammaja,
muka zauna a bencin yara, gwiwa na taɓa haɓa.
Ni aka miƙa wa littafi da biro,
wai rubutuna ya fi karantuwa.

Fanka a tsaye, an ɗauke wuta tun hantsi.
A allo akwai ragowar darasin jiya:
bakwai sau biyu, sha huɗu.
Mai unguwa ya yi addu'a, muka shafa,
zufa na bin bayan kowa.

Inna Dije mai ƙosai ba ta jira a ba ta dama ba.
Leda ta zazzage a kan teburin malami:
kwalabe goma sha ɗaya, gwangwanin sholisho,
fatun ƙwaya a yayyage.
"Sharar safiya ɗaya ke nan, bayan gidana.
Duk layinmu babu mai tari,
amma maganin tari ya fi ruwan famfo zuwa."

Sabitu na 'yan sintiri ya buga gorarsa a ƙasa:
"A ba ni dare uku!"
Malama Hansatu ta asibiti ta ce, "An ba ka shekara uku.
Wanda ka fasa wa kai bara
yanzu biyu yake sha, ɗaya don ciwon, ɗaya don sabo.
Dukan ganga ba ya hana ta amsawa."

Sai aka koma kan abin da ke hannu.
Nafi'u tela yana da keke biyu, tsatsa na ci.
Ɗayyabu mai walda zai ɗauki huɗu,
in za a sayo tabarau.
Wani ya san mai gyaran waya a Fam Santa.
Malama ta ce a ware yammacin Laraba
a koya musu abin da keke ba ya ɗinkawa:
yadda ake ce wa aboki a'a,
yadda dubu biyu ke kwana a aljihu,
yadda ake fushi a huce ba a nemi kwalba ba.
Na rubuta duka, hannuna na gudu,
kamar rubutun ne zai yi maganin damuwa.

Alhaji mai kemis na bakin titi
ya yi alkawarin dubu hamsin.
Aka yi kabbara.
Ledar Inna tana nan a buɗe a gabansa,
bai dube ta ba, mu ma ba mu dube shi ba.
Na rubuta dubu hamsin, na ja layi.
Abin da ba a faɗa ba, ba shi da gurbin rubutawa.

"To, sunaye," in ji mai unguwa.
Ɗan wane, jikan wance, ƙanen wane.
Sha biyar. Sha shida.
Sai ajin ya yi tsit.
Inna Dije ta sunkuya tana ɗaure ledarta,
Nafi'u yana duban fankar da ba ta juyawa.

Na gane.
Ai na daɗe da ganewa:
dutsen gugar da ya ɓace,
barcin da ke kaiwa azahar,
idon da na ce wa uwarsa rashin barci ne.
Na danna biro, tawada ta ƙi fita,
na goga shi a tafin hannu, na sake:
Zaharaddini Shitu.
Sunan da na raɗa masa da bakina,
ranar da na yanka rago na tara unguwa.

Da magariba na same shi a bakin lungu,
kan tulin bulo, hula a karkace.
Na ce, "Litinin, ƙarfe takwas, shagon Nafi'u."
Ya daɗe yana kallon silifas ɗinsa.
"Baba, wa ya ba da sunana?"
Na ce, "Ni."
Ladan ya tayar da salla.
Ban san ko zai biyo ni ba,
na dai rage sauri,
ina sauraron ƙasa, ko zan ji takawa.